Tarihin filashin: daga masaƙan Apollo zuwa teburin mai gyara a kasuwar Dambatta

1/ Jama'a, a ƙasar nan filashin iri biyu ne. Akwai na wanda ba shi da kati, ya kira ka ƙir ɗaya ya katse. Akwai kuma na mai gyara, wanda zai juya wayarka ya ce "sai an yi mata filashin." Zaren yau kan na biyun ne: daga ina ya samo asali, kuma me ya sa yake kashe na'ura idan aka yi gaggawa. 🧵

2/ Duk na'urar da ka sani tana da wani rubutu a cikinta da yake gaya mata abin da za ta yi da zarar wuta ta shige ta. Waya, dikoda, injin POS, na'urar cajin sola, har fitilar nan mai rimot. Turawa suna ce masa famwaya. Wani mai suna Ascher Opler ne ya fara amfani da kalmar a 1967. Mu a nan mu kira shi manhajar ciki.

3/ Filashin shi ne goge wannan rubutu a zuba sabo. Shi ke nan. Amma kafin a kai ga iya gogewar nan, sai da aka sha wahalar shekaru kusan talatin. Mu koma baya.

4/ Shekarun 1960, Amurka na shirin tura mutum duniyar wata. Kwamfutar kumbon Apollo tana buƙatar manhajar da ba za ta goge ba ko da wuta ta ɗauke. Sai aka saƙa ta. Saƙa ta gaske, da hannu. Mata ne a masana'antar Raytheon suke zura siririyar waya ta cikin ƙananan zobba: ta bi ta cikin zobe, 1 ke nan, ta kewaye shi, 0.

5/ 'Yan Minjibir sun fi kowa gane wannan. Idan masaƙi ya yi kuskuren zare a tsakiyar ƙyalle, babu batun gogewa, sai warwara. Saƙar manhajar Apollo kan ɗauki makonni har watanni, don haka dole a gama rubuta ta tun da sauran lokaci. A haka aka sauka a wata a 1969.

6/ A masana'antu kuma akwai ROM, wadda ake dasa rubutun cikinta tun wajen ƙera ta. Kamar rubutu kan dutse. Idan injiniya ya gano kuskure bayan an buga dubu ɗari, to dubu ɗarin nan sun zama na bola.

7/ A 1971 Dov Frohman na kamfanin Intel ya fito da EPROM. Ita tana da 'yar taga ta gilashi a bayanta. In kana son gogewa, sai ka cire ta daga na'ura, ka sa ta ƙarƙashin wata fitila mai haske na musamman kamar minti ashirin zuwa talatin. Bayan an rubuta sai a liƙe tagar da takarda, don hasken rana ma yana iya cinye rubutun a hankali.

8/ Ci gaba ne, amma ka duba aikin: kwance, cire, gasa, rubuta, mayar, gwada. In ba ta yi ba, a sake. Masu gyaran tsofaffin talabijin da injinan masaƙa sun ga irin waɗannan masu taga.

9/ Sai Fujio Masuoka, injiniya a Toshiba ta Japan. A farkon shekarun 1980 ya ƙirƙiro ma'ajiyar da wutar lantarki kaɗai ke goge ta, tana zaune a inda take. Ya gabatar da nau'in farko a 1984, na biyu a 1987. Abokin aikinsa Shoji Ariizumi ya ce saurin gogewar ya tuna masa da walƙiyar kyamara. Daga sunan walƙiyar nan a Turance aka sami kalmar da ta zama filashin a bakinmu.

10/ Abin tausayi, Masuoka bai ci moriyar abin yadda ya kamata ba. Intel ce ta fara cin kasuwar a 1988. Shi kuwa ya bar Toshiba a 1994, daga baya ya kai ƙara, aka sasanta a 2006 kan yen miliyan 87. Memorin da ke wayarka da filas ɗin da ke aljihunka duk jikokin aikinsa ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

11/ Ga wurin da nake so ku riƙe. Wannan ma'ajiya kamar allon makaranta take. Ba a gyara harafi ɗaya a kan tsohon rubutu. Sai an wanke sashe guda fes, sannan a rubuta sabo.

12/ To tsakanin wankewa da gama rubutu akwai wasu daƙiƙu da allon yake fari tas: tsohon karatu ya tafi, sabo bai zauna ba. In wuta ta ɗauke a nan, ko kebur ya motsa, na'ura za ta farka ba ta san ko ita wace ce ba. Masu sana'ar suna cewa ta zama bulo. Duk haɗarin filashin a wannan ɗan tsakanin yake.

13/ Yanzu mu dawo gida. Kafin 2001, layukan tarho a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. Mutumin Kunchi ko Tsanyawa in zai yi magana da ɗansa a Legas, sai wasiƙa, ko saƙon kaset ta hannun direba, ko ya shigo birni layin NITEL.

14/ Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM, kowanne dala miliyan 285. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai a lokacin ya kai naira dubu ashirin, wani wurin ma fiye. Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, farashi ya fara sauka, eriya ta fara tsayuwa a garuruwan da ke kan titin Katsina da na Daura.

15/ Sai ga Nokia 3310 da 1100 a hannun 'yan kasuwar hatsi na Dawanau da dillalan shanu. Yawancin wayoyin nan na hannu ne daga Turai, wasu a kulle da layin can. Dole a buɗe su. Nan sana'ar ta tsiro.

16/ Beirut Road da Farm Centre a Kano suka zama makaranta. Yaro zai zo daga Bichi ko Makoda ya zauna gaban maigida shekara biyu, uku. Kayan aikin: tsohuwar kwamfuta, tarin kebur, da wani ɗan akwati. Na zamanin Nokia su ne irin UFS da JAF da Cyclone. Da wayoyin China masu layi biyu suka cika gari, sai Volcano da Miracle suka karɓi fage.

17/ Tecno, wadda aka kafa a 2006, ta mayar da hankalinta kan Afirka, ta bi da itel da Infinix. Akasarinsu da ƙwaƙwalwar MediaTek ko Spreadtrum suke. Daga nan SP Flash Tool ta zama abokiyar kowane mai laftof. Samsung kuma tana da Odin.

18/ Waɗanda suka koya suka koma gida da sana'ar. Shi ya sa yau ranar Lahadi a kasuwar Dambatta za ka ga tebur da lema da janareta, matashi yana zuba wa waya manhaja, a gefensa ana cinikin awaki. Babu wanda ya ba shi takardar shaida, amma aikin da yake yi shi ne wanda injiniyoyin Intel suke yi da fitila a 1971.

19/ Kuma sun koyi darasi da kuɗinsu. Fayil ɗin wata waya a zuba wa wata don sunansu ya yi kama: ta mutu. A danna goge-duka a wayar MediaTek ba a ajiye kwafi ba: lambar IMEI ta tafi, waya na kunnuwa amma ba ta ganin sabis. Janareta ya mutu ana kan kashi 60: sai biyan mai waya.

20/ Akwai kuma ɓangaren da ba a son faɗa. Tun da Google ta sa makullin asusu a Android 5.1 a 2015, wasu sun mayar da filashin hanyar wanke wayar sata. Kowa ya san abin da ƙwacen waya ya jawo a Kano, har rayuka. Mai gyaran da ya buɗe waya bai tambayi kwali ko rasit ba, ya sani da hannunsa a ciki.

21/ To ina labarin bod? A daidai lokacin da muke koyon filashin Nokia, wani abu yana faruwa a Turai. A shekarun 1990 wasu ɗalibai biyu 'yan Norway, Alf-Egil Bogen da Vegard Wollan, suka tsara wata ƙaramar ƙwaƙwalwa mai suna AVR, kamfanin Atmel ya ƙera ta da ma'ajiyar filashin a cikinta.

22/ Ƙaramar ƙwaƙwalwa kwamfuta ce guda a cikin ɗan baƙin abu kamar ƙwayar gyaɗa. Ba ta kallon fim, ba ta shiga Facebook. Aiki ɗaya take yi ba gajiya: auna zafi, kunna famfo, kashe fitila.

23/ A 2003 wani ɗalibi ɗan Kolombiya, Hernando Barragán, ya fara aikin Wiring a wata makarantar zane da ke Ivrea a Italiya. A kan aikinsa Massimo Banzi da abokansa suka gina Arduino a 2005, don ɗaliban da ba injiniyoyi ba. Sunan ma na wata mashaya ce da suke haɗuwa, ita kuma ta ci sunan Arduin, wanda ya zama sarkin Italiya a 1002.

24/ Dabararsu ita ce mai gadi. Wata 'yar manhaja ce da ke zaune a lungun ma'ajiya, ana ce mata butloda. Da an kunna bod ita ke fara farkawa, ta leƙa ƙofar USB: akwai sabon rubutu? In akwai ta karɓa ta zuba. In babu ta sakar wa tsohon hanya. Da wannan aka daina buƙatar akwati mai tsada, kebur ya isa.

25/ Arduino Uno ta fito a 2010, ma'ajiyarta kilobait 32 kacal. Hoton selfi ɗaya ya ninka ta sau da yawa. A 2014 Espressif ta Shanghai ta kawo ESP8266 mai Wi-Fi a farashin 'yan daloli, ESP32 ta biyo a 2016. Janairun 2021 Raspberry Pi Pico ta zo a dala 4.

26/ Me ya haɗa wannan da mu? Ƙasarmu ta arewacin Kano gona ce a jikin gona, gida a jikin gida. Babu fili da za a ƙara, gado yana ta raba wanda ake da shi. Abin da ya rage shi ne a ci ƙaramar gona sau biyu a shekara, a kiwata kaji a bayan ɗaki, a rage asara.

27/ Kakanninmu da jigo suka yi ban ruwa. Iyayenmu suka koma injin fetur a fadamun Watari ta Bagwai da Thomas ta wajen Dambatta. Yanzu fetur ya yi tsada, ana komawa sola. Mataki na gaba shi ne bod ɗin da zai ji ƙasa ta bushe ya kunna famfo, tanki ya cika ya kashe.

28/ Ko injin ƙyanƙyasa. Ƙwan kaza kwana 21 yake so, a zafin da bai wuce digiri 37 da rabi zuwa 38 ba. Ɗalibi a Bichi ko Dambatta zai iya haɗa wannan da tsohon firji, ƙwan fitila da bod ɗaya. Amma in manhajar ta rikice a kwana na 15, ba bod kaɗai aka rasa ba. Ƙwai ɗari biyu ne, wataƙila jarin adashen mahaifiyarsa.

29/ Kada ku ɗauka ƙananan masu gyara kaɗai abin ke ci. Viking 1 ta sauka a duniyar Mars a 1976, ta yi aiki fiye da shekara shida. A Nuwamban 1982 aka tura mata sabon umarni don gyara cajin batir. Rubutun ya hau kan wurin da aka ajiye bayanin saita eriya. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyarta ba. NASA ce fa.

30/ Ga kishiyarsa. Voyager 1, da aka harba a 1977, ta fara turo shirme a Nuwamban 2023. A lokacin tana nesa da mu sama da kilomita biliyan 24, saƙo na ɗaukar kusan awa 22 da rabi kafin ya isa. Injiniyoyi suka yi watanni suna bincike, suka gano ɓangaren ma'ajiyar da ya lalace, suka rarraba rubutun zuwa wasu wurare. Afrilun 2024 ta dawo hayyacinta.

31/ Bambancin biyun: sanin taswirar ma'ajiya kafin a taɓa ta, da haƙuri. Duk dokokin da ke tafe daga nan suka fito.

32/ Na ɗaya, karanta sunan da ke jikin ƙwaƙwalwar da idonka, kada ka dogara da abin da mai shago ya faɗa. ESP32 da ESP32-C3 da ESP32-S3 'yan gida ɗaya ne, amma fayil ɗin wannan ba ya tashi a kan wancan. Kama da wane ba ta wane.

33/ Na biyu, kwafi kafin gogewa. Manhajar esptool tana iya karanto duk abin da ke cikin ESP ta ajiye maka a fayil, avrdude ma haka ga Arduino, in dai ba a kulle su ba. Minti biyu ne. Musamman in bod ɗin na wani ne, ko ka ciro shi daga na'urar da ke aiki.

34/ Na uku, wuta. Ka yi da laftof mai cikakken caji, kada ka dogara da soket ko janareta. Kebur gajere mai kauri, kuma mai ɗaukar bayanai, don da yawa na kasuwa caji kawai suke yi. In kwamfuta ba ta ga bod ba, fara zargin kebur, sannan direban CH340 ko CP2102. Kuma yana kan rubutu, hannunka ya bar teburin.

35/ Na huɗu, bolt. Uno da bolt 5 take aiki. ESP32 da Pico 3.3 ne a ƙafafunsu. Ka tura 5 a ƙafar da ke jiran 3.3, kana iya ƙona ta, kuma wannan babu filashin da ke tayar da shi. Batirin sola mai bolt 12 kuwa kada ya kusanci ƙafar bod sai ta hanyar mai rage wuta.

36/ Na biyar, cire kaya. Famfo, hita, rile, duk abin da ya taɓa wutar gida, a raba shi da bod kafin a fara. Lokacin filashin ƙafafun bod ba su da mai tsawata musu, rile na iya kunna kansa. Famfo ya yi ta juyawa ba ruwa, ko hita ya dafa ƙwai. Ga haɗarin wutar 220 ta biyo kebur ta shiga laftof, ko ta shige ka.

37/ Na shida namu ne na musamman: hunturu. Kun san yadda mayafi ke tartsatsi da dare in iska ta bushe? Wannan ɗan tas ɗin ya isa ya illata ƙwaƙwalwa. Taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa tukuna, riƙe bod ta gefe, kada ka ɗora shi kan darduma ko leda. Ka hure ƙurar da ke ramin USB.

38/ Na bakwai, akwai ƙofar da in ka rufe ba ta buɗuwa. A ESP32 ana ce musu eFuse, ƙonawa ake yi sau ɗaya, har abada. A Arduino akwai fiyus na saiti: ka gaya mata ta jira agogon waje alhali babu, ko ka kashe ƙafar RESET, sai ta yi shiru sai da kayan aiki na musamman. Umarnin da ba ka gane ba, kada ka kwafo shi daga intanet ka liƙa.

39/ Labari mai daɗi: yawancin bulo suma suka yi, ba mutuwa ba. Mai gadin ESP32 da na Pico a cikin ROM yake, wato rubutun dutsen nan na lamba 6, filashin ba ya isa gare shi. Riƙe maɓallin BOOT ka danna RESET, ESP32 za ta sake sauraro. Riƙe BOOTSEL ka soka Pico, za ta fito kamar filas, ka ja fayil ka jefa.

40/ Uno kuma in mai gadinta ya goge, wata Uno ɗin tana iya mayar mata da shi da wayoyi shida. Kafin ka jefar da bod, gwada waɗannan.

41/ In na'urar za ta zauna a gona ka riƙa aika mata gyara ta Wi-Fi, yi koyi da masu hankali: allo biyu. Sabon rubutu ya sauka a na biyu, na farko yana nan. In sabon ya ƙi tashi, ta koma tsohon da kanta. ESP32 tana da wannan tsari, kunna shi ake yi. Kuma ba a gwada sabuwar manhaja a kan injin da ƙwai ke ciki, ko ranar da tumatir ke jiran ruwa. A sami bod na gwaji.

42/ Shekara ashirin da ɗoriya muna zuba rubutun da wasu suka yi a Finland da Shenzhen. Hannun ya ƙware, babu musu. Abin da bod ya canza shi ne yanzu rubutun ma kai za ka yi. Babu injiniya a Shanghai da ya san sau nawa albasa ke son ruwa a jigawar Kunchi cikin watan Maris. Babanka ya sani.

43/ Don haka ɗan'uwa mai tebur a kasuwa, laftof ɗin da kake filashin da shi ya isa. Manhajar Arduino kyauta ce. Fara da kunna 'yar fitila tana ƙiftawa, kowa daga nan ya fara. Ƙannenmu mata masu kiwon kaji, ku ma da ku ake.

44/ Wanda ya yi zamanin JAF da UFS ya ba mu labari a ƙasa, wace waya ce ta fi ba ku wahala? Wanda kuma yake da bod ɗin da ya suma, ya turo hoton rubutun da ke jikin ƙwaƙwalwar, mu duba tare. A tura wa masu gyaran unguwa.